Wa Ke Hawan Jan Bijimi?

Mambilla, kusa da Nguroje
Farkon watan Yuni

Maman Tina,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kina lafiya, da Tina can makarantar kwana. Ni nan ƙalau nake, in ban da mura da ta maƙale mini tun saukar damina. Mu mutanen Jos muna cika baki da sanyi, to a zo nan a ga mai gidansa. Shanun da aka ɗauko ni in riƙa duba lafiyarsu ma sun fi ni jin daɗi. Waya kuwa kin sani, sai na hau tudun bayan garke nake samun layi, ina cewa alo ya yanke. Shi ya sa na koma takarda kamar lokacin da nake nemanki. Kenechi, wanda ke kawo mana maganin dabbobi daga Jos, shi zai riƙa kai miki, ki ba shi amsa.

Ga maganar. Kin san Nonso mai sayar da manyan babura a Dilimi. Kafin in taho ya nuna mini hoton sabon samfurin babur ɗina, yanzu kuma ya ce ya iso shago. Fari ne da shuɗi, hannunsa yana ɗumi da kansa, gilashin gaba yana hawa yana sauka, kuma ya fi nawa tsayi daga ƙasa, ramukan hanya ba za su dame shi ba. Ya ce mu yi musaya, ya karɓi nawa, Jan Bijimi, in cika masa kuɗi. Abin da zai taimake ni shi ne tun Janairu da na taho yana baranda a rufe da tamfol, mitarsa ba ta motsa ba, tayoyinsa kuma sababbi na bar su.

Gaskiya zuciyata biyu. Da shi na je Obudu, da shi na je Yankari, bai taɓa zubar da ni ba. Amma duk daren Allah farin nan nake gani. Ki bar Nonso ya zo ya duba shi. Ki ci gaba da tayar da shi duk Asabar yadda na nuna miki don kada batir ya mutu, kada kuma ki bar kowa ya taɓa shi, ko ɗan limamin coci ne. Zan so in ji ra'ayinki, ko da yake na san ke babur duk babur ne a wurinki.

Naki,
Dantong

Farin Gada, Jos
Watan Yuni

Baban Tina,

Na sami takardarka, na gode wa Allah da kake lafiya. Murar nan ka dafa citta da lemun tsami, ka daina yawo cikin raɓa babu hula, ba yaro ba ne kai. Tina lafiya, na je ganinta, ta yi tsawo har ta kusa wuce ni, wanda ba wani abin kirki ba ne. Mama ma na leƙa ta a Kuru, ƙafar da sauƙi. Makaranta muna ta jarrabawa, ɗalibaina sun kusa haukata ni.

Maganar musaya kuwa ta ba ni mamaki ƙwarai. Na karanta wurin sau biyu. Jan Bijimi za ka bayar? Me ya yi maka? Mutumin da in ƙuda ya sauka a tankinsa sai ya ɗauko tsumma, shi ne yau yake mafarkin wani? Ni a ganina babu abin da ke damunsa. Injinsa lafiya lau, ba ya shan mai fiye da ƙima, birkinsa yana kamawa. Tayar baya ce kawai ta ɗan cinye, sarƙa kuma tana son a ɗan ɗaure ta, waɗannan kuwa ba dalilin rabuwa da abu ba ne. Hannu mai ɗumi kuma, safar hannunka fa, me take yi?

Nonso ya kira ni, na ce masa ba ni da lokaci sai an gama jarrabawa. Don Allah kada ka yi gaggawa. Ka bari sai ka zo gida hutun Kirsimeti mu zauna, akwai maganar da nake so mu yi a kan babur ɗin nan, kuma ba ta takarda ba ce. Na saka maka yaji da busasshen kifi a leda, in Kenechi bai cinye a hanya ba.

Taka,
Suzana

Titin Bauchi, Jos
Ƙarshen Yuni

Dantong,

Ina gaishe ka, ko da yake ban san ko ka cancanci gaisuwa ba. Muna lafiya, ni da yara da babansu. Ciwon bayana yana nan, amma ba shi ya sa na ɗauki biro ba.

Ashe haka ka zama? Ka shigo Jos ka fita, yayarka da ta goya ka ba ta isa ka tako ƙofar shagonta ba? Asabar ɗin da ta wuce ina tsaye bakin titi ina jiran keke, sai ga ka a kan jan mashin ɗinka, da baƙar rigar fatarka da hular kwanon nan mai baƙin gilashi. Na ɗaga hannu har jakata ta faɗi, na kira sunanka mutane suna kallona. Ka rage gudu, na rantse ka gan ni, ka ɗan sunkuyar da kai, sai ka murɗa ka wuce. Kunya ta rufe ni, mai lemun da ke gefena har ta tambaye ni ko bashi nake bin ka.

Kuma ba ni kaɗai ba. Matan zumunta biyu sun ce sun gan ka wajen Shere, wani ɗan cocinmu ya ce kun sha mai tare a Mararrabar Jama'a, ya ce maka sannu Oga Dantong, ka ɗaga masa hannu ba ka ce uffan ba. Labari ya kai wa Mama. Tsohuwar nan ta zauna tana tambayata me ta yi maka da kake zuwa gari ba ka zuwa Kuru. Na je gidanka na tambayi Suzana, ta ce ba ka zo ba, tana faɗa tana kallon ƙasa. Wato har matarka ka koya wa rufa maka.

In aikin ne aka kore ka kake ɓoyewa, ka faɗa, ba kai ne farko ba. In kuma girman kai ne ya kama ka don kana hawa abin da ya fi motar wasu, to ka sauke shi kafin in zo in sauke maka.

Yayarka,
Klaudiya

Mambilla
Watan Yuli

Suzana,

Ina fata kina lafiya. Ni ban sani ba ko lafiya nake, rabona da abincin kirki tun da Kenechi ya miƙo mini takardar Yaya Klaudiya.

Ta ce an gan ni a Titin Bauchi, an gan ni a Shere, an gan ni a gidan mai. Ni da ƙafata ba ta sauka daga dutsen nan ba tun Janairu! Da farko dariya na yi, na ce idonta ne ya fara tsufa. Sai na ɗauko takardarki na sake karantawa, na zo wurin da kika ce tayar baya ta cinye. Tayar da na sa sabuwa fil kafin in taho, babur yana tsaye a baranda, me ya cinye ta, tamfol? Kuma ke yaushe kika san sarƙa tana son ɗauri? Wa ya gaya miki? Waɗannan kalmomin namiji ne, Suzana, wani ne ya faɗa kika rubuta.

Na hau tudu cikin ruwan sama na kira ki, layi ya ƙi. Na samu Nonso. Ashe ya je gidan kina makaranta, maƙwabciya ta buɗe masa ƙofa ya ɗaga tamfol. Ga abin da ya ce mini, ban ƙara ko kalma ba: "Oga, wannan mashin ya yi tafiya fa, ba wasa ba. Mita ya gudu sosai. Kuma an yanka kujera an rage soso, an ɗinke shi fes. Mutumin da yake hawa bai kai ka tsawo ba." Har kujerata aka yanka don ta dace da wani! Yana sa rigata, yana sa hulata, yana amsa gaisuwa da sunana a cikin garin da aka haife ni.

Ban zarge ki da komai ba tukuna, amma ki gaya mini wane ne. In ɗan'uwanki ne kika ara wa, ki faɗa, zan yi fushi in huce. In kuma abin da nake tsoro ne, ki faɗa mini da bakinki kafin in ji a bakin duniya. Wannan ce maganar da kika ce ba ta takarda ba ce?

Musaya kuwa na gama shawara. Na ce wa Nonso ya shirya, ko da ya rage mini daraja. Ba na son in sake ganin babur ɗin nan.

Dantong

Titin Bauchi, Jos
Watan Yuli

Ƙanena,

Ina gaishe ka, kuma ka yafe mini zagin da na yi maka. Ɗan guntun saƙonka ya iso, da na karanta cewa ba ka zo Jos ba sai da na nemi kujera na zauna. Wayyo Allah! Ashe ƙato nake ɗaga wa hannu a bakin titi.

Ka ce kada in gaya wa kowa, in sa ido kawai. Na sa. Ranar Asabar na rufe shago da la'asar na je na zauna wurin mai gasa masara da ke kallon gidanku, na ja gyale na rufe fuska. Can sai ga ƙarar mashin. Dantong, da idona na gan shi. Gajere ne, da ɗan jiki, rigarka ta yi masa yawa a kafaɗa amma ta kama shi a ƙugu. Bai ƙwanƙwasa ba, bai yi sallama ba. Makulli ya ciro daga aljihu ya buɗe get kamar gidan ubansa, ya tura mashin ciki ya rufe. Na zauna har masarar matar nan ta ƙare, bai fito ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, ba a jima ba sai ga Suzana ta fito da zane a ƙirji tana shanya, har da waƙar coci a bakinta.

Ban shiga ba, don da na shiga da yanzu ina hannun 'yan sanda. Amma maganar kada in gaya wa kowa, wannan kam ban iya ba, abin ya fi ƙarfin cikina. Na tafi Kuru na sami Kawu. Ya ce a kira ta gaban manya ranar Asabar mai zuwa, a kira wani daga danginta na Mangu, ta zo ta faɗi sunan mutumin. Mama ba mu gaya mata dalili ba, amma ta ga ana share tsakar gida ana jera kujeru, ta san ba biki ba ne.

Ka yi haƙuri, ka ci abinci. An ce ƙasa ta zabtare a hawan dutsenku motoci ba sa wucewa, ban san yaushe wannan za ta same ka ba.

Yayarka,
Klaudiya

Farin Gada, Jos
Farkon Agusta

Baban Tina,

Ina gaishe ka. Lafiyata ƙalau, Tina ta zo hutu ta tafi wurin kakarta a Mangu. Na san ka daɗe ba ka ji daga gare ni ba. Hanya ce ta rufe, amma ko da a buɗe take da ban rubuta ba, don takardarka ta ɓata mini rai ƙwarai. Na ga kiranka ma, ban ɗauka ba. Ban taɓa zaton akwai ranar da za ka tambaye ni wane ne ba.

To ga sunansa: Suzana. Ni ce gajeren nan mai ƙugu.

Na san yanzu ka miƙe tsaye, koma ka zauna. Ka manta 'yar wa ka aura? Tun ina 'yar sakandare nake ɗaure buhun dankali a bayan mashin ɗin babana in kai kasuwar Mangu cikin taɓo. A garinmu mace a kan mashin ba abin kallo ba ce. Duk shekarun aurenmu ba ka taɓa tambayata ko na iya ba. Kullum sai dai ka ce wata rana za ka ɗauke ni mu je Obudu, ka tafi da abokanka ka dawo mini da hotuna. Hular da ka ce za ka saya mini har yau tana kanti.

Yadda aka fara, ina tayar da shi duk Asabar yadda ka ce, amma batir yana ta yin sanyi, don babur ba ya rayuwa da kuka a tsaye. Wata safiya na ce bari in zagaya da shi tsakar gida. Nauyinsa ya tsorata ni, ya kusa kayar da ni jikin tankin ruwa. Mako na gaba na kai ƙarshen layi. Da na ga ƙafata ba ta kama ƙasa sosai, na kai kujerar wurin wani mai ɗinkin kujeru a Gangare ya rage mini soso. Rigarka da hularka kuwa na sa ne don kada a ce matar Dantong, malamar makaranta, sakatariyar zumunta, ta haukace. Ban yi tunanin za a ce na yi abin da ya fi hauka muni ba. Anti Klaudiya kam na gan ta ranar nan, har na taka birki, sai tsoro ya kama ni na gudu. Wannan na ba ta haƙuri.

Ba zan ɓoye maka ba, ina jin daɗinsa. Na je Assop, na je Pankshin, na bi hanyar Kurra da safe hazo yana kwance a kan duwatsu, ina ihu ni kaɗai a cikin hula. Tun da ka tafi gidan nan shiru ne, Asabar ce kaɗai ranar da ba na jin shirun.

Zaman Kuru kuwa na je. Aka aiko mini in zo in faɗi sunan mutumin, na ce zan zo da shi ma. Na sa rigar da hular, na hau, na shiga har tsakar gidan Kawu. Ga manya a jere, ga yayana daga Mangu ya sunkuyar da kai. Anti Klaudiya ta yi tsalle tana ihu, "Shi ne! Ga shi nan! Har nan ka biyo mu, marar kunya?" Ta ɗauko muciya. Kawu ya ce, "Kai saurayi, sauka ka cire wannan kwanon mu ga fuskarka." Na kashe inji, na kafe shi, na cire. Ɗankwalina ma ya biyo hular.

Muciya ta faɗi. Kawu ya cire tabarau ya goge ya mayar. Yayana ne ya fara fashewa da dariya har da hawaye, yana cewa, "Ai da kun tambaye ni! Wannan ita ta koya mini hawa." Mama ta sa aka kamo ta, ta zo ta shafa tankin ta shafa fuskata, ta ce, "Ashe ke ce kike wuce ni ba ki tsayawa? To daga yau ki riƙa tsayawa." Anti Klaudiya kuwa har na bar gidan bakinta bai rufu ba.

Sun wanke ni, amma ba wankinsu nake nema ba. Kai da ka san ni ka karanta cewa taya ta cinye, hankalinka ya fi saurin kawo maka kwarto a kan ya kawo maka ni. Wannan ya yi mini ciwo, kuma har yanzu yana yi.

Na je shagon Nonso na ga farin naka. Yana da kyau, ba ƙarya. Na hau na zauna, ƙafafuna suna lilo, ko yatsa bai taɓa ƙasa ba, kuma Nonso ya ce kujerarsa ba ta raguwa, wayoyin lantarki ne cike a ƙarƙashinta. In ka yi musayar nan ka san abin da ka karɓe daga hannuna. Ka tambayi ra'ayina, to ka ji shi.

Suzana

Mambilla
Watan Agusta

Maman Tina,

Ina gaishe ki, ina kuma durƙuso. Takardarki da ta Yaya Klaudiya rana ɗaya suka iso da aka buɗe hanya. Na fara karanta tata, na ji kamar in mutu. Na karanta taki, na zauna a kan bokitin awon madara ban san na zauna ba. Ke? A kan Jan Bijimi? Har Pankshin? Na karanta wa kaina da ƙarfi ko zan yarda, har yanzu kaina bai ɗauka ba.

Abin da na zarge ki da shi, ba ni da bakin kare kaina. Ki yafe mini don Allah. Kunyar haɗa ido da yayanki ma nake ji.

Amma Suzana, ki saurare ni. Wannan ba mashin ɗin dankali ba ne. Ya fi ki nauyi ninki uku, in ya kwanta a kanki a dajin Kurra wa zai ɗaga? Tun da na karanta nake ganin tirela a mafarki. Sa'a kika yi ta yi, sa'a kuwa ba ta da alkawari. Kuma na riga na ba Nonso baki, ya hana wani mai saye saboda ni. Na gaya masa ƙarshen wata ya zo ya ɗauka. Ke kuma in na zo zan saya miki ƙarami mai sauƙi irin na mata, ki riƙa zuwa makaranta da kasuwa. Obudu kuma na yi alkawari, wannan karon da gaske, zan ɗauke ki a sabon.

Hawan dutsen nan kaɗai da kin gani, da kin san akwai hanyar da sai namiji. Ki ajiye makullin, don Tina.

Mijinki,
Dantong

Bakin get ɗin gonarku
Yau

Baban Tina,

Ina gaishe ka, lafiya na iso. Wannan ba Kenechi ne ya kawo ta ba, a kan tanki nake rubuta ta, maigadinku zai miƙa maka don ya ce ba a shiga da baƙo.

Na ga hawan dutsen. Yana da kyau, sai dai kwanar nan ta bayan Mayo Selbe tana son giya ta biyu. Na ƙetare kogi a Ibi a jirgin fito, na kwana a Bali wurin matar fasto. Sarƙa na ɗaure ta da kaina.

Makullin yana hannuna, ka fito ka karɓa in har yanzu kana so. Na sayi hulata a Dilimi, taka tana akwatin gefe. Kujerar baya tana nan yadda ka bar ta, ba wanda ya taɓa zama a kanta, har ni.

Suzana

Mambilla
Ƙarshen Agusta

Yaya Klaudiya,

Gaisuwa da fatan alheri, yaya bayan, yaya yara da babansu? Ki gaishe da Mama da Kawu. Murata ta warke, ina jin tsoro ne ya kore ta.

Na san gari ya ɗauka cewa Suzana ta ɓace da babur. Tana nan wurina. Ina cikin yi wa maraƙi allura maigadi ya kawo mini takarda, ya ce wani soja ne a waje. Na fita da sirinji a hannu. Ga Jan Bijimi ya yi kaca-kaca da jar laka har gilashi, ga ƙanwarki zaune a kai tana cin gyaɗa. Hanyar da ni kaina na ce sai na sami sabon babur zan gwada ta, ita ce matar nan ta hawo cikin damina. Makiyaya suka bar shanu suka kewaye ta. Na buɗe baki in yi faɗa, sai na ji ina kuka a gaban ma'aikatana.

Ta miƙo mini makulli, na kasa karɓa. Na ce to bari in tuƙa mu shiga ciki, na hau, gwiwoyina suka kusa taɓa haɓata saboda kujerar da ta yanke. Ta ce in matsa baya. Na matsa.

Ki aika wa Nonso ya sayar wa mai son farin nan, in akwai abin da zan ba shi na haƙuri zan ba shi in na zo. Har yanzu in na tuna hannun nan mai ɗumi raina yana ɗan sosuwa, ba zan yi miki ƙarya ba. Suzana ta ce in sa hannuna a aljihun rigar, wai nan ma da ɗumi.

Na karɓi hutu, za mu taho tare, mu fara tsayawa Kuru wurin Mama. Saboda haka in kin ga jan mashin a Titin Bauchi da mutum biyu, na bayan shi ne ƙanenki. Ki ɗaga hannu, wannan karon za a tsaya. Amma kada ki yi fushi in ban ɗaga miki nawa ba, tun daga Nguroje ba zan iya sakin ta ba.

Ƙanenki,
Dantong